Lissafin Gumin Lebura A Kwangilar Gwamnati: Abin Da Dokar Amurka Ta Tanada

Kwanakin baya ina komawa gida bayan isha'i, sai cunkoson motoci ya tsayar da ni a gefen wani gini mai hawa biyu da gwamnati ta ba da kwangilarsa. An tayar da janareto, an haska fitilu, leburori sun yi layi suna hawa da kwanon sarki cike da kankare a ka, suna saukowa da shi wayam. Ranar zuba dekin ce, kuma duk wanda ya taɓa gini ya san idan aka fara zuba shi ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. Wani saurayi ya matso kusa da motata yana shan ruwan leda, na yi masa sannu da aiki, na ce, "Samari, tun yaushe kuke nan?" Ya ce, "Tun bakwai na safe, Baba." Na tambaye shi kuɗin yini, ya faɗa mini. Na ce, "To na daren nan fa, nawa za a ƙara muku?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ai Baba yini yini ne. In oga ya ga dama ya ba mu na abinci." Ya ɗauki kwanonsa ya koma layi.

Har na isa gida maganar nan tana yi mini yawo a zuciya. Abin da ya fi damuna shi ne yaron bai faɗe ta da sigar koke ba, domin bai ma san akwai abin da aka rage masa ba. Ginin na gwamnati ne, kuɗin na al'umma ne, kuma masu ƙiyasin kuɗin gini sukan saka ladan ma'aikata a lissafinsu kafin a amince da farashin kwangila. Amma tsakanin takardar ofis da tafin hannun lebura babu mai bin sawun kuɗin. Wannan ya sa na koma na duba yadda wata ƙasa ta tunkari matsalar, wato Amurka, wadda ta shafe sama da shekara 90 tana aiki da dokar da ta ƙayyade abin da za a biya ma'aikaci a kan kowace awa idan aikin gini na gwamnati ne. Zan ɗan ja ku cikin lissafi a wannan mako, ku yi mini haƙuri, domin a cikin lissafin ne haƙƙin yake.

Sunan dokar Davis-Bacon. Shugaba Herbert Hoover ne ya sa mata hannu a ranar 3 ga Maris, 1931, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, miliyoyin mutane suka rasa aikin yi. Ta samo sunanta daga 'yan majalisa biyu da suka ɗauki nauyinta, Sanata James Davis na jihar Pennsylvania, wanda ya taɓa riƙe muƙamin sakataren ƙwadago, da Robert Bacon, ɗan majalisar wakilai daga New York. Tunanin ya girmi dokar, domin tun a 1891 jihar Kansas ta yi irin tata, kuma a wannan shekarar ce majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da ƙudurin biyan lada na adalci a kwangilolin gwamnati. Abin da ya zaburar da Bacon shi ne kwangilar gina asibitin tsofaffin sojoji a mazaɓarsa, wadda wani ɗan kwangila daga jihar Alabama ya lashe a shekarun 1920, ya kwaso ma'aikata daga Kudu yana biyansu ƙasa da abin da magina ke karɓa a New York. Zan dawo kan wannan labari, domin yana da wata fuska mara daɗi.

Hujjar dokar ba ta da wuyar ganewa. Gwamnati takan ba da kwangila ga wanda ya kawo farashi mafi sauƙi. Siminti da rodi da katako kusan farashinsu ɗaya ne a wurin kowane ɗan kwangila, don haka wurin da ya fi sauƙin matsewa shi ne ladan ma'aikaci. Idan aka bar gasar haka, wanda ya fi kowa iya tauye lebura shi zai riƙa lashe kwangila, mai biyan lada na mutunci kuwa ya rasa aiki, ko shi ma ya koyi tauyewar. Ta haka gwamnati, da kuɗin harajin jama'a, za ta zama ita ce ke karya farashin ƙwadago a garin da ta je yin aiki. Maganin da aka kawo shi ne a cire lada daga cikin abubuwan da ake gasa a kansu. Kowane mai neman kwangila ya san tun kafin ya miƙa takardunsa nawa zai biya birkila, nawa zai biya kafinta, sai ya je ya yi gasa a kan iya tsara aiki, da ingancin injinansa, da yawan ribar da zai iya haƙura da ita.

Dokar ta shafi duk kwangilar gini, ko gyara, ko fenti ta gwamnatin tarayya da kuɗinta ya haura dala 2,000, adadin da yake nan tun 1935. Wasu dokoki da dama kuma sun miƙa ta zuwa ayyukan da jihohi da ƙananan hukumomi ke yi da tallafin tarayya, irin su manyan hanyoyi da gidaje da ayyukan ruwa. Ma'aikatar Ƙwadago ce ke fitar da jadawalin lada, gunduma-gunduma, kuma ta kasa ayyuka gida huɗu: manyan gine-gine, gidajen zama, hanyoyi, da ayyuka masu nauyi irin su madatsun ruwa. A kowane jadawali an jera sana'o'i, daga birkila da kafinta da mai aikin famfo har zuwa direban katafila da lebura, kowace da adadi biyu a gabanta. Na farko shi ne gundarin ladan awa. Na biyu, wanda aka ƙara a 1964, shi ne kuɗin walwala, wato abin da ake zuba wa ma'aikaci a inshorar lafiya, da fansho, da hutu, da horon sana'a. Jimillar biyun ita ce abin da zan kira ladan gari, kamar yadda muke cewa farashin gari, wato abin da aka saba biyan mai wannan sana'a a wannan yanki.

To yaya ake gane ladan gari? Ma'aikatar takan tattaro bayanan abin da aka biya ma'aikata a ayyuka makamanta a yankin, sannan ta bi matakai uku. Idan fiye da rabin masu sana'ar lada iri ɗaya suke karɓa, shi ke nan, an samu. Idan ba a samu haka ba, sai a ɗauki ladan da ya fi yawan masu karɓa, muddin sun kai kashi 30 cikin ɗari. Idan shi ma bai samu ba, sai a haɗa ladan kowa a raba da yawansu, a ɗauki matsakaici. Mu ƙaddara a wata gunduma akwai kafintoci 100, mutum 35 suna karɓar dala 32 a awa, 25 suna karɓar dala 26, 20 suna karɓar dala 24, sauran 20 kuma dala 22. Babu rukunin da ya haura rabi, don haka mataki na biyu zai ba mu dala 32. Da za a tsallake shi a tafi ga matsakaici, jimillar ladansu dala 2,690 ce, a raba da 100 a samu dala 26 da santi 90. Bambancin dala 5 da santi 10 ne a awa, wanda ga mai aikin awa 2,000 a shekara ya kama dala 10,200. Shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja a kan wannan mataki na biyu. Gwamnatin Ronald Reagan ta soke shi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Joe Biden ta dawo da shi a watan Oktoban 2023. Sirrin shi ne ladan da mutane da yawa ke karɓa iri ɗaya galibi na yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ne, kuma yakan ɗara na sauran.

Sai batun aikin ƙarin lokaci, wanda ma'aikatanmu ke kira obataim. Wasu dokoki biyu ne suka ɗauki nauyinsa: dokar ƙa'idojin ƙwadago ta 1938, wadda ta shafi galibin ma'aikatan ƙasar, da dokar awoyin aikin kwangila ta 1962, wadda ta shafi manyan kwangilolin gwamnati. Hukuncinsu ɗaya ne, duk awar da ta haura 40 a mako za a biya ta lada guda da rabinsa. Kowane mako kuma cin gashin kansa yake yi. Idan mutum ya yi awa 50 a wannan mako, ya yi 30 a mai zuwa, ba a haɗa su a ce 40 da 40 ke nan, awa 10 na makon farko sun riga sun zama bashi. Kafin 1986 dokar kwangila tana ƙirga har abin da ya haura awa 8 a yini, sai aka cire wannan, amma jihohi irin su Kalifoniya da New York sun riƙe shi a dokokinsu. Saboda haka wanda ya yi awa 12 kullum har kwana uku, sannan ruwan sama ya tsayar da aiki, a ma'aunin tarayya awa 36 kawai ya yi, ba shi da ƙari, amma a aikin da dokar Kalifoniya ta shafa yana bin ƙarin awa 4 na kowane yini.

Yanzu mu ɗauki alƙalami. Mu ƙaddara jadawali ya ce birkila gundarin ladansa dala 30 ne a awa, kuɗin walwalarsa dala 12, kuma ya yi awa 48 a mako. Awa 40 na farko a kan dala 30 sun ba shi dala 1,200. Awa 8 na sama ana biyansu dala 45, wato 30 da rabinta 15, sun ba shi dala 360. Kuɗin walwala kuwa ana biyansa a kan kowace awa da ya yi, har da na ƙarin lokaci, amma ba a ninka shi, don haka 48 sau 12, dala 576 ke nan. Jimilla dala 2,136. Ɗan kwangila yana da zaɓi a kan kuɗin walwalar, ko ya zuba shi a asusun inshora da fansho na gaskiya, ko ya miƙa wa ma'aikaci tsabarsa a hannu, ko ya raba biyu. Abin da ba shi da zaɓi a kai shi ne jimillar, ba za ta gaza dala 42 a kan kowace awa ba.

A nan ne ake samun kura-kurai, wasu na rashin sani, wasu na wayo. Ma'aikaci yakan ɗauka dala 42 ɗin gaba ɗaya za a ninka, ya lissafa dala 63 a kan kowace awar ƙari, ya ga kamar an cuce shi dala 48, alhali doka gundarin kaɗai ta ce a ninka. Ɗan kwangila kuma yakan tsayar da kuɗin walwala a awa 40, ya haɗiye na sauran takwas ɗin, dala 96 ke nan a mako. Akwai wata dabarar da ta fi wannan ɓoyuwa. An yarda ɗan kwangila ya rage abin da yake bayarwa a hannu zuwa dala 26, ya ƙara abin da yake zubawa a asusu zuwa dala 16, tunda jimillar tana nan 42. Sai dai ranar lissafin obataim ba zai ce rabin 26 zai ƙara ba, dole ya ƙara rabin dala 30 da jadawali ya rubuta. Bambancin dala 2 ne kacal a awa, dala 16 a mako. Amma ka ninka shi da ma'aikata 100 da makonni 50, za ka tarar da dala 80,000. Ɓarawon lada ba ya fasa ƙofa, da cokali yake ɗiba. Idan kuwa ɗan kwangila da ma yana biyan birkilansa gundarin da ya haura na jadawali, to a kan wannan babban za a lissafa ƙarin.

Haka nan an toshe wata kafar a kuɗin walwala. Mu ƙaddara kamfani yana biya wa birkilan nan inshorar lafiya ta dala 6,000 a shekara. Ya yi wa kamfanin aikin awa 2,000 a shekarar, amma awa 500 ne kawai a aikin gwamnati, sauran a gine-ginen 'yan kasuwa. Mai wayo zai raba 6,000 da 500, ya samu dala 12, ya ce ya sauke nauyi. Ƙa'ida ta ce a'a, inshorar ta rufe mutumin shekara guda cur, saboda haka da dukkan awoyinsa 2,000 za a raba, a samu dala 3 a awa. Saura dala 9 a kan kowace awa ta aikin gwamnati, wato dala 4,500, tana kan kamfani. Manufar ita ce kada a ɗora wa baitulmali nauyin da ayyukan kamfani na kansa ya kamata su ɗauka.

Babbar hanyar tauye lada kuwa ita ce sauya wa mutum sunan sana'a. Doka aikin da hannu ya yi take dubawa, ba ruwanta da sunan da aka rubuta wa mutum a ofis. Idan ya yi awa 30 yana kafinta a kan dala 28, ya yi awa 20 yana lebura a kan dala 18, sai an rubuta awoyin kowanne daban. Na farko dala 840, na biyu dala 360, jimilla 1,200 a awa 50. A raba 1,200 da 50 a samu dala 24, rabinta 12, sau awa 10 da suka haura, dala 120. Haƙƙinsa dala 1,320 ne, ban da kuɗin walwala. Da za a rubuta shi lebura a duk makon, dala 990 zai tashi da ita, an ci masa 330. Idan kamfani bai ajiye bayanin rabon awoyin ba, to da ladan sana'ar da ta fi tsada za a biya dukkansu. Masu koyon sana'a ma ba a biyansu ƙasa da jadawali sai idan suna cikin shirin horo mai rajista, kuma an ƙayyade yawansu a wurin aiki, don kada a cika fili da ƙwararru a kira su yara.

Duk wannan lissafi da zai tashi a banza in da babu mai dubawa. Dole ne a liƙa jadawalin a wurin aiki inda kowane ma'aikaci zai gan shi. Dole ne a biya lada duk mako. Duk mako kuma ɗan kwangila zai miƙa wa hukumar da ta ba shi aiki takardar biyan albashi mai ɗauke da sunan kowane ma'aikaci, da sana'arsa, da awoyinsa na kowace rana, da abin da aka cire masa, da abin da ya karɓa, ya sa hannu cewa gaskiya ne, kuma ƙarya a wannan takarda laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Tun a 1934 aka yi dokar Copeland domin maganin masu biyan lada cikakke a takarda, sannan foman ya tare ma'aikaci a bakin ƙofa ya karɓi kasonsa, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara biyar. Masu bincike sukan je wurin aiki su keɓe da ma'aikata su tambaye su. Idan aka samu giɓi, hukuma takan riƙe kuɗin kwangilar ta biya ma'aikatan kai tsaye, kuma babban ɗan kwangila shi ke ɗaukar alhakin abin da ƙananan da ya raba wa aiki suka yi. Wanda ya yi watsi da haƙƙin ma'aikatansa ana iya hana shi kwangilar tarayya har shekara uku.

Ba zan ɓoye muku ba, dokar tana da masu suka, kuma ba duk sukarsu ce banza ba. Ma'aikatan da ɗan kwangilar Alabama ya kwaso baƙar fata ne, wasu jawaban da aka yi a majalisa a lokacin suna ɗauke da ƙyamar launi, kuma ƙungiyoyin magina da yawa na wancan zamani ba sa karɓar baƙar fata. Har yau masana tarihi suna saɓani a kan girman rawar da wariya ta taka wajen kafa ta. Wasu kuma suna cewa tana ƙara tsadar aiki, tana jibga wa ƙananan kamfanoni takardu, sannan binciken lada yakan tsufa kafin a sabunta shi. A 1979 ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar ya ba da shawarar a soke ta ɗungurungum. Shugabanni sun sha dakatar da ita na ɗan lokaci: Richard Nixon a 1971, George Bush babba a 1992 bayan guguwar Andrew, da ɗansa a 2005 bayan guguwar Katrina, wanda ya dawo da ita bayan kimanin wata biyu. Kusan rabin jihohi ne ke da irin tasu, Indiana ta soke tata a 2015, Michigan ta soke a 2018 ta sake kafawa a 2023. Masu goyon baya suna amsawa da cewa ƙwararren da aka biya da kyau ya fi sauri, ya fi kiyaye haɗari, kuma aikinsa ba ya buƙatar a rushe a sake. Ni dai abin da na ɗauka shi ne ana iya jayayya a kan yawan adadin, amma samuwar adadi rubutacce da kowa zai iya dubawa da alƙalami, wannan ba abin yarwa ba ne.

Wani zai ce ina ruwan Najeriya da dokar Amurka? Ruwanmu kuwa da tsaki. A 1949 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 94 a kan sharuɗɗan ƙwadago a kwangilolin gwamnati. Ta buƙaci a saka sharaɗi a kowace irin wannan kwangila cewa lada da awoyi da yanayin aiki ba za su gaza abin da aka kafa wa wannan sana'a a yankin ba, a liƙa sanarwa a wurin aiki, a kuma riƙe kuɗin ɗan kwangilar da ya saɓa domin a biya ma'aikata. Amurka ba ta amince da ita ba, amma Najeriya ta amince tun a watan Oktoban 1960. To mene ne a hannun lebura bayan shekara sama da 60? Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya ce awoyin aiki yarjejeniya ce ke tsayar da su, abin da ya haura kuma ƙarin lokaci ne, amma bai faɗi nawa za a biya a kansa ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai dokar ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga. Manyan kamfanonin gine-gine suna da yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikatansu, amma mai kwanon sarki galibi a hannun ƙaramin ɗan kwangila na uku ko na huɗu yake, wanda ya ɗauke shi da safe a bakin titi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu gwada alƙalamin namu a nan gida. Mu ƙaddara lebura an yi da shi naira 5,000 a yini na awa 8, wato naira 625 a awa. Ranar dekin ya yi awa 11 a kan kuɗin nan, ladan awarsa ya faɗo zuwa kimanin naira 455 ba tare da an sanar da shi ba. Da za a biya awa ukun nan lada guda da rabi, kowace ta kama naira 937 da kwabo 50, ya tashi da sama da naira 7,800. Wannan naira 2,800 da ɗoriya ita ce abin da ya yi kyauta da shi a ranar, kuma ba gwamnati ba ce ta amfana da kyautar, domin farashin kwangila bai ragu da ko sisi ba.

Ban ce mu kwafo dokar Amurka ɗungum ba, amma akwai abubuwan da ba su fi ƙarfinmu ba. Tun 2007 muna da dokar ba da kwangiloli da hukumar da ke kula da ita, kuma ana neman shaidar biyan haraji da ta fansho kafin a ba kamfani aikin tarayya. Me zai hana a ƙara jadawalin ladan yini na kowace sana'a, jiha-jiha, a cikin takardun kwangila, tare da faɗin awoyin yini da abin da za a biya idan an haura? A bakin kowane aikin gwamnati akwai allo mai sunan ma'aikata da ɗan kwangila da injiniya mai duba aiki, a ƙara masa layi biyar da Hausa da Turanci: birkila kaza, kafinta kaza, lebura kaza, awar ƙari kaza, ga lambar kai ƙara. Kafin a biya ɗan kwangila kowane kaso, ya kawo jerin ma'aikata da shaidar biyansu. An kuma saba riƙe wani ɓangare na kuɗin kwangila har sai an tabbatar gini bai tsage ba, to a riƙe shi har sai an tabbatar babu mai bin ladan guminsa. Na san za a ce za a kawo takardun bogi, kuma gwamnati ita ma takan riƙe wa 'yan kwangila kuɗinsu shekara da shekaru. Duka gaskiya ne, kuma gwamnatin da ba ta biya a kan lokaci ba ta da bakin tilasta wa wani ya biya duk mako, sai ta fara da kanta. Amma ƙaryar da aka rubuta aka sa wa hannu ana iya kama ta, wadda aka yi da baki a bakin titi kuwa ba ta da shaida.

Ɗalibai masu karanta wannan fili, musamman masu nazarin lissafin kuɗi da shari'a da ƙiyasin gini, ga aikin gida. Idan kun wuce wani aikin gwamnati a unguwarku, ku yi wa lebura sannu, ku tambaye shi ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa zai tashi, nawa zai karɓa, ku raba ku gani. Ku rubuto mini abin da kuka samu, ba tare da sunan kowa ba, zan kawo shi a wannan fili. Ginin da na ba ku labari yanzu an yi masa rufi, an fara fenti, nan gaba kaɗan za a zo a yanka kyalle a yi jawabai. Saurayin nan ban sake ganinsa ba, kuma har yanzu yana bin awoyin daren nan. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.